Dala Biyar, a Hau

Wurina bakin kasuwar Wadata ne,
tsakanin mai gyaran waya da mai yanka kankana.
Jarina sikeli guda, gilashinsa da tsaga,
sai tsumman da nake share sawun mutane.
Dala biyar, a hau.

Tankari mai taksi ke buɗe mini ciniki.
Tun ranar da likita ya ce jininsa ya hau,
ya rage tumbi in yana son ganin jikoki,
ya mai da ni alƙalinsa.
Yakan cire takalmi, ya cire hula,
ya miƙo mini makullai da waya in riƙe,
har numfashi yakan furzar kafin ya taka,
wai iska ma kaya ce.

Litinin casa'in da biyu.
Ya yi murmushi, ya bar mini canji.
Talata casa'in da uku da rabi.
Ya ce, Arzika, ka taɓa allurar nan.
Na ce, me ka ci jiya?
Ya ce, ba komai.
Na ci gaba da share sikeli.
Ya ce, ɗan kilishi ne a Plato, da yaji.

To, ai gishiri ba ya tafiya shi kaɗai,
duk inda ya sauka sai ya kira ruwa,
su kwana biyu a jikinka kamar baƙin ƙauye,
su tafi ba sallama.
Tuwon daren jiya ma bai kama hanya ba tukuna.
Ga zaman mota tun asuba,
ƙafa ta cika takalmi kafin la'asar.
Kitse ba ya gini a dare ɗaya,
shi magini ne mai nawa, tubali-tubali.

Ran wata Alhamis cikin zafin Afrilu
ya zo da azahar, riga sharkaf.
Casa'in cif!
Ya daga hannu sama, ya kira matarsa a waya.
Don murna ya shanye ruwan leda uku,
ya sake hawa don ya tabbatar.
Ban karɓi kuɗin hawa na biyu ba.

Ni ma ba a makaranta na koya ba.
Inna Tamo mai zogale ce ta buɗe mini ido,
ta hau, ta duba, ta yi tsaki, ta sauka:
wannan kilon na wata ne, ɗana,
shi ke kawo shi, shi ke zuwa ya ɗauki abinsa.
Mu mata mun daɗe da sanin haka.

Na ce wa Tankari, kana haye gada kullum zuwa Harobanda.
Ka taɓa ganin masunci ya auna kogi da igiyar ruwa guda?
Gindin gada yake dubawa,
inda ruwa ya bar zane wata da watanni.
Ka riƙa zuwa ran Juma'a kaɗai,
da safe, bayan ka zaga, kafin shayi,
cikin wannan rigar dai.
Na faɗa, sannan na lissafa asarar da bakina ya jawo mini:
dala talatin duk mako.

Da gawayi muke rubutawa a bangon mai waya.
Layin ya yi ta tangaɗi kamar jakin da ya gaji,
ya hau a makon Sallah, ya tsaya, ya yi gardama,
amma gangarowa yake.
Yanzu tamanin da takwas, wani makon da tara.

Har yau kullum sai ya zo.
Ya zauna kan bencina, ya saci kallon sikeli,
ya sayi kankana.

Ni kuwa da magariba, kafin in sa shi a buhu,
nakan waiga hagu da dama,
in cire silifa, in hau.
Duk da abin da na sani,
sai gabana ya faɗi kafin allura ta tsaya.